Kalmar “stampede”: ma’anoninta, asalinta da muhawarar da ake yi a kanta

Duk wanda ya saba duba jaridun Turanci na ƙasar nan ya san kalmar “stampede”, domin ita ce kan hau kanun labarai a duk lokacin da mutane suka mutu a cikin cunkoso, ko a wurin rabon abinci, ko a filin ƙwallo, ko a taron ibada. Masu fassara labarai zuwa Hausa kan kira abin turmutsutsu ko turereniya. Sai dai kalmar ta fi haka faɗi a Turanci, kuma tun asali ba domin mutane aka ƙirƙire ta ba. Makiyayan shanu da dawakai ne suka shigo da ita Turanci daga yaren Sifaniyanci na ƙasar Meziko, kimanin shekaru 200 da suka wuce. Wannan asali shi ne ya sa a yau masana halayyar taron jama’a suke jayayya a kan dacewar amfani da ita ga mutanen da suka rasu a cikin matsi.

Yadda ake furta ta da yadda ake amfani da ita

Ana furta kalmar kamar “sitamfiid”, tare da jan gaɓar ƙarshe. Tana zuwa a matsayin suna, tana kuma zuwa a matsayin aikatau. Idan suna ce, tana nufin gudun da garke ko taron jama’a suka yi gaba ɗaya cikin firgici. Idan aikatau ce, tana da fuska biyu: garken na iya yin gudun da kansa, wani kuma na iya firgita garken ya sa shi gudun. Wannan fuska ta biyu ce ta haifi ma’anar da ’yan siyasa suka fi so, wato ingiza mutum ya yanke hukunci cikin gaggawa ba tare da ya yi nazari ba.

Ƙamusoshin Turanci sun tattara ma’anoninta kamar haka. Ta farko, gudun garken dabbobi da suka firgita, musamman shanu da dawakai. Ta biyu, gudun taron mutane daga abin tsoro kamar gobara ko harbi. Ta uku, rububin jama’a zuwa ga abin da suke kwaɗayi, kamar kaya masu rahusa ko sabuwar sana’ar da aka ji tana kawo riba. Ta huɗu, juyawar ra’ayin taron siyasa farat ɗaya zuwa ga ɗan takara guda. Ta biyar, wadda ta keɓanta ga Kanada da yammacin Amurka, bikin nuna gwanintar makiyaya a kan doki.

Abin da ya haɗa huɗu na farko shi ne taro mai yawa, motsi na ba-zata, da kuma zaton cewa kowa bin na gabansa yake yi ba tare da tunani ba.

Tushen kalmar

Turanci ya ari kalmar daga “estampida” ta Sifaniyanci. A Sifaniya ana danganta ta da ƙara mai ƙarfi da hayaniya, kuma har yau akwai ’yar’uwarta “estampido” da ke nufin ƙarar fashewa irin ta bindiga ko tsawa. Makiyayan Meziko ne suka riƙa amfani da ita ga garken da ya ɓalle da gudu, saboda rugugin da kofatan dubban dabbobi ke yi a ƙasa.

Sifaniyanci ma aro ya yi, daga yaren Oksitan na kudancin Faransa, inda “estampida” ta kasance sunan wata rawa da kiɗanta a ƙarni na 13 da na 14, wadda Faransawa ke kira “estampie”. Idan aka ƙara tonawa, za a tarar da saiwar kalmar a tsofaffin harsunan dangin Jamusanci, inda take nufin buga ƙafa a ƙasa ko daka abu. Daga wannan saiwa Jamusanci ya sami “stampfen”, wato tattakawa ko daka, Turanci kuma ya sami “stamp”, wadda ke nufin buga ƙafa, da buga hatimi a takarda, da kuma kan sarki da ake manna wa wasiƙa. Italiyanci ya sami “stampa”, wato ɗab’i, shi ya sa wata tsohuwar jaridar birnin Turin take da suna La Stampa. Ke nan hatimin da ma’aikacin ofis ke bugawa a fayil da gudun garken shanu a daji, a Turance, tsatsonsu ɗaya ne.

Harafin “e” da ke farkon “estampida” al’adar Sifaniyanci ce, domin yaren ba ya fara kalma da “s” da wani baƙi a jere, sai ya sa wasali a gaba. Hausa ma tana da irin wannan ƙyama, sai dai ita tsakanin baƙaƙen take cusa wasalin, kamar yadda aka samu “sito” da “siket” da “sitaci”. Turanci ba shi da wannan matsala, don haka masu magana da shi suka yar da wasalin farko, daga baya kuma suka datse na ƙarshe. A rubuce-rubucen farko, tsakanin shekarun 1820 da 1840, an ga siffofi dabam-dabam irin su “stampedo” kafin a daidaita a kan rubutun da aka sani yau.

Yadda ta shiga Turanci

Har zuwa 1836 yankin Texas yana cikin ƙasar Meziko. Ya shiga Amurka a 1845, sannan yaƙin 1846 zuwa 1848 ya ƙare da Amurka ta karɓe California da wasu manyan yankunan kudu maso yamma. Turawan da suka kwararo waɗannan wurare sun tarar da makiyaya masu magana da Sifaniyanci waɗanda suka gaji kiwon shanu a kan doki tun ƙarnoni, suka koyi sana’ar a hannunsu, suka kuma kwashi kalmominta. Ta wannan hanya “rodeo” da “lasso” da “ranch” da “mustang” da “bronco” suka shiga Turancin Amurka, tare da “stampede”.

Matafiya da ’yan jarida ne suka kai ta ga masu karatu a biranen gabas. George Wilkins Kendall, ɗan jaridar birnin New Orleans, ya bayyana yadda dabbobin ayari ke ɓallewa da gudu a littafinsa na 1844 kan tafiyar Santa Fe, kuma John Russell Bartlett ya shigar da kalmar cikin ƙamusunsa na kalmomin Turancin Amurka a 1848.

Bayan yaƙin basasar Amurka, daga 1866 zuwa tsakiyar shekarun 1880, an riƙa koro miliyoyin shanu daga Texas zuwa tashoshin jirgin ƙasa na jihar Kansas, kamar garin Abilene, ta hanyoyi irin su Chisholm. Garke ɗaya kan kai shanu 2,000 zuwa 3,000, makiyayan da ke tare da shi kuma ba sa wuce goma zuwa sha biyu. Babu abin da suke tsoro kamar ɓallewar garke cikin dare. Walƙiya, ko tsawa, ko ƙyasta ashana, ko ƙarar karyewar itace sun isa su tayar da shanun gaba ɗaya. Dabarar makiyaya ita ce su zabura a kan dawakai su cim ma shanun da ke gaba, su karkata su gefe guda har garken ya koma kewaya kansa, da’irar tana ƙara tsukewa har ya gaji ya tsaya. Masu gadin dare kan riƙa rera waƙa a hankali domin shanun su saba da murya, kada wata ƙara ta zo musu ba zato. Wanda dokinsa ya yi tuntuɓe a gaban garke da wuya ya tsira, kuma mai shanu kan yi asarar dabbobi da kuma nauyin waɗanda suka rage.

’Yan asalin nahiyar sun san sarrafa irin wannan gudu tun kafin zuwan Turawa. A lardin Alberta na Kanada akwai wani tsauni mai suna Head-Smashed-In, inda mafarauta suka shafe kusan shekaru 6,000 suna firgita garken ɓaunar Amurka su koro su zuwa bakin gangare su faɗa. Hukumar UNESCO ta sa wurin cikin wuraren tarihi na duniya a 1981.

Daga dabbobi zuwa mutane

Ba a daɗe ba kalmar ta tsallaka daga garke zuwa mutane. A shekarun 1840 da 1850, jaridun Amurka sun riƙa amfani da ita idan bayi suka gudu ƙungiya-ƙungiya daga jihohin da ake bauta, irin su Kentucky da Missouri, zuwa jihohin arewa. Wannan guduwa kuwa sau da yawa shiryayya ce, an tsara ta a ɓoye, amma kalmar da aka zaɓa ta kwatanta masu neman ’yancinsu da dabbobin da suka tsinke igiya. Tun daga wannan lokaci ake iya ganin yadda kalmar ke ɓoye hankali da dabarar mutanen da ake magana a kansu.

A siyasa, an fi jin ta a manyan tarukan jam’iyyu na fitar da ɗan takarar shugaban ƙasa, inda wakilai kan yi ta kaɗa ƙuri’a zagaye bayan zagaye. Idan wakilan wata jiha suka koma bayan wani, sauran kuma suka yi rige-rigen binsu don kada a bar su a baya, sai a ce an yi “stampede” a taron. Haka James Polk ya samu takarar jam’iyyar Democrat a 1844 alhali ba ya cikin waɗanda ake hasashe, haka kuma James Garfield ya samu ta Republican a 1880 a zagaye na 36. Daga nan aka samu salon maganar da ’yan siyasa da shugabannin hukumomi a Najeriya ke yawan yi da Turanci, cewa ba za a yi “stampeding” ɗinsu ba, ma’ana ba za su bari matsin lamba ya sa su yanke hukunci da garaje ba.

A fagen neman arziki, misalin da ya fi shahara shi ne rububin zinare na Klondike a arewa maso yammacin Kanada. An gano zinaren a 1896, labari ya isa biranen Seattle da San Francisco a 1897, sai kimanin mutum 100,000 suka bar gidajensu da ayyukansu suka kama hanya. Waɗanda suka isa ba su wuce 30,000 zuwa 40,000 ba, waɗanda suka yi arziki kuwa ’yan kaɗan ne, domin kafin isowar yawancinsu an riga an kama filaye masu kyau. Sunan da tarihi ya ba waɗannan matafiya shi ne “stampeders”. A nan babu firgici ko kaɗan, kwaɗayi ne da tsoron kada wasu su riga. Wannan ma’ana ce jaridun kasuwanci ke nufi idan masu hannun jari suka yi rububin sayarwa ko saye a lokaci guda, ko masu ajiya suka yi dafifi a bankuna. Har masana kwamfuta sun ari kalmar, suna kwatanta halin da dubban buƙatu ke afka wa rumbun bayanai a lokaci ɗaya har na’ura ta gaza.

Ma’anar biki kuwa ta samo asali ne daga birnin Calgary na Kanada, inda wani Ba’amurke mai suna Guy Weadick ya shirya gasar makiyaya a 1912 ya sa mata wannan suna. Daga 1923 ta zama ta shekara-shekara, kuma yanzu ana yin ta kwana goma a watan Yuli, tana tara baƙi fiye da miliyan ɗaya.

Me ya sa masana ke ƙin kalmar?

Idan aka ce an yi “stampede”, hoton da ke zuwa zuciyar mai karatu shi ne na mutanen da suka ruɗe, suna gudu, suna tattake juna. Masu binciken haɗurran taron jama’a, irin su John Fruin na Amurka, da Keith Still da John Drury na Birtaniya, da Dirk Helbing wanda ya yi nazarin hotunan bidiyo na haɗarin Jamarat na 2006, sun nuna cewa a mafi yawan manyan haɗurran ba haka abin yake faruwa ba. Waɗanda suka mutu galibi ko motsi ba sa iya yi, balle gudu.

Bayanin nasu ya dogara ne a kan yawan mutane a faɗin wuri. Idan mutum biyu ko uku ne a kan kowace murabba’in mita, kowa na iya tafiya yadda ya so. Idan aka haura biyar, an shiga haɗari. Idan aka kai shida ko bakwai, jiki na manne da jiki, mutum ba ya iya zaɓar inda zai sa ƙafa, kuma turawar da aka yi a baya tana ratsa taron kamar igiyar ruwa. Na baya ba su ga abin da ke faruwa a gaba ba, sai su ci gaba da matsowa don suna zaton layi ne ke tafiya. Abin da ke kashe mutane shi ne matsewar ƙirji har numfashi ya gagara, wani ma yana tsaye zai cika. Idan kuma mutum ɗaya ya faɗi, na kusa da shi kan rufta kansa saboda sun rasa abin jingina. Fruin ya ba da misalin shingayen ƙarfe da aka tarar sun lanƙwashe bayan irin wannan haɗari, alamar ƙarfin da ya tarar wa jikin ɗan Adam. Don haka masanan suka fi son a ce “crowd crush”, wato matsewar taro, ko “crowd collapse”, wato ruftawar taro.

Muhawarar ta wuce batun zaɓin kalma, domin tana shafar wanda za a ɗora wa laifi. Idan gudun firgici ne, laifin na taron ne da ya rasa natsuwa. Idan matsi ne, sai a tambayi wanda ya tara mutum dubu goma a wurin da ke ɗaukar dubu biyu, da wanda ya kulle ƙofa, da wanda ya bar masu shiga da masu fita a hanya ɗaya. Haɗarin filin ƙwallo na Hillsborough a Ingila, ranar 15 ga Afrilu 1989, wanda ya ci rayuka 97, shi ne babban darasi. Shekara da shekaru ana zargin magoya bayan ƙungiyar Liverpool, sai a 2016 masu binciken shari’a suka wanke su, suka tabbatar da cewa kurakuran ’yan sanda da na tsarin filin ne suka jawo mutuwar. Haka ma a unguwar Itaewon ta birnin Seoul ranar 29 ga Oktoba 2022, mutum 159 suka mutu a wani siririn lungu mai gangare ba tare da wani abin tsoro ya kore su ba.

Duk da haka akwai lokutan da firgici ne ya fara tayar da taron. A gadar A’imma ta Bagadaza, ranar 31 ga Agusta 2005, jita-jitar ɗan ƙunar baƙin wake ta yi sanadin mutuwar mutum fiye da 900. A filin wasa na Accra, ranar 9 ga Mayu 2001, a wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko, ’yan sanda sun harba hayaƙi mai sa hawaye, jama’a suka nufi ƙofofi suka tarar da su a rufe, mutum 126 suka rasu. Ko a nan ma, gudun hayaƙi abu ne da duk mai hankali zai yi, ƙofofin da aka rufe ne suka mai da shi ajali.

Inda kalmar ta shafe mu

Mai karatu a ƙasar Hausa ya san waɗannan haɗurra da kansa. A Mina, mutum 1,426 suka rasu a ramin al-Mu’aisim a 1990, wasu fiye da 340 a wurin jifa a 2006, abin da ya sa hukumomin Saudiyya suka sake gina gadar Jamarat hawa-hawa, suka raba hanyar shiga da ta fita. A ranar 24 ga Satumba 2015 ayarin alhazai biyu suka haɗu a mahaɗar tituna masu lamba 204 da 223. Hukumomin Saudiyya sun ce mutum 769 suka rasu, lissafin kamfanin dillancin labarai na AP daga alƙaluman ƙasashe ya haura 2,400. Cikin ’yan Najeriya da suka rasu akwai fitacciyar ’yar jarida Hajiya Bilkisu Yusuf da Farfesa Tijjani El-Miskin.

A cikin gida, jarrabawar ɗaukar ma’aikatan hukumar shige da fice ta ranar 15 ga Maris 2014 ta tara dubban ɗaruruwan masu neman aiki a filayen wasa, aka rasa rayuka a Abuja da wasu garuruwa. A Diffa ta Jamhuriyar Nijar, mutum 20 suka rasu wurin rabon tallafi a Fabrairun 2020. A Fatakwal, mutum 31 suka mutu a wani taron rabon kayan agaji a Mayun 2022. A Disambar 2024, cikin mako guda, yara 35 suka rasu a Ibadan, mutum 22 a Okija ta jihar Anambra, wasu 10 a Maitama da ke Abuja, dukansu a wuraren rabon abinci ko kyauta. Jaridun Turanci sun kira kowanne “stampede”, alhali mutanen ba gudun wani abu suke yi ba. Sun zo ne tun da duhu, suka taru a bakin ƙofa ɗaya suna jiran abin da aka yi musu alkawari.

Gyaran da aka samu a wasu ƙasashe ya zo ne bayan an daina zargin taro an koma duba gini da tsari. A garin Sunderland na Ingila, ranar 16 ga Yuni 1883, yara 183 suka mutu a zauren Victoria lokacin da suka sauko karɓar kyautar kayan wasa suka tarar da ƙofar da ke buɗewa ciki an sakale ta, an bar ’yar kafa da ba ta wuce yaro ɗaya ba. Bayan wannan ne aka fara tilasta wa wuraren taro su sa ƙofofi masu buɗewa waje, aka kuma ƙera sandar ƙarfen nan da ke buɗe ƙofa da zarar an danna ta, wadda ake gani a manyan gine-gine har yau.

Fassara ta zuwa Hausa

Babu kalmar Hausa ɗaya da ta ɗauke dukkan ma’anonin “stampede”, don haka mai fassara sai ya duba abin da ya faru. Idan dabbobi ne, ana cewa garke ya firgita ya ɓalle da gudu. Idan mutane ne suka tsere wa gobara ko harbi, akwai gudun ceton rai, ko a ce kowa ya yi ta kansa, ko sun ranta a na kare. Idan kwaɗayin abu ne ya ja su, akwai rububi da rige-rige da wawaso. Idan matsin lamba ne a kan mai yanke hukunci, ana cewa an ingiza shi, ko an sa shi garaje. Idan kuwa mutane ne suka matse juna har numfashi ya gagara, turmutsutsu da turereniya da cunkoso su ne kalmomin, kuma a nan Hausa ta fi Turancin jarida kusa da gaskiya, domin babu gudu ko garke a cikin ma’anarsu, sai yawan jama’a da ƙuncin wuri.

Ga mai shirya rabon zakka a ƙofar gidansa ko shagonsa, da jami’in da aka ɗora wa shirya jarrabawa ko taro, bambancin yana da amfani a aikace. Matakan da masana ke ba da shawara sanannu ne: a san adadin da wuri zai ɗauka kafin a gayyaci jama’a, a raba lokaci da wuraren karɓa, a ware hanyar shiga da ta fita, kada a kulle ƙofa a kan taro, kuma a sa wani a wuri mai tudu da zai hango cunkoso ya tsayar da masu shigowa tun daga nesa. Wanda kuma ya tsinci kansa cikin matsi, ana shawartarsa ya ɗaga hannuwansa gaban ƙirjinsa don ya samu sararin numfashi, ya yi ƙoƙarin kada ya faɗi, kada ya sunkuya ɗaukar abin da ya suɓuce masa, ya riƙa bin motsin taron yana zamewa gefe a hankali har ya fita.